Sallamar Kwara a Bahar Maliya

Labarin nan ya yi yawo a bakunanku har ya yi ƙiba. Jikokina suna gaya wa ƙawayensu a makaranta wai Sitti, wato ni kakarsu, ta taɓa kwaɗa wa kifin shak filafili a ka ya ranta a na kare. Ɗan'uwanku Aminu kuma, ko da yake ya daina faɗa a gabana, har gobe a ransa gani yake ƙanwarsa Ramlatu ce ta yi mini daɗin baki na sake ta ta tafi Jidda. Duka biyun ba haka aka yi ba. Ban doki kifin kowa ba, kuma mai yi mini daɗin baki ba a haife shi ba tukuna. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya gwada shekara da shekaru bai kai labari ba. Don haka ku natsu ku ji daga bakin mai ita.

Ni 'yar ruwa ce. A wani gungu aka haife ni a tsakiyar Kwara, kusa da Yawuri, gidan Sarkawa masunta tun kaka da kakanni. Kafin in iya ɗaura zani na iya riƙe filafili. Babana mutum ne marar yawan magana, sai dai in ya faɗi abu sau ɗaya ya zauna. Abu biyu na ɗauko daga kwale-kwalensa da suka biyo ni har Makka. Na farko sallama. Duk inda ruwa ya yi zurfi ya yi duhu, wurin da dorina ke kwanciya, ba a shigarsa shiru. Sai ka ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafili, ka ɗan mari ruwan, don mai gidan ta ji zuwanka ta ɗago kai ka ga inda take, ka kauce mata. Dorinar da aka yi wa sallama ba ta faɗa. Wadda aka faɗo wa ba zato ita ke kife jirgi.

"Ruwa gidan wani na," in ji Baba. "Ba a shiga gidan mutane ba sallama."

Na biyu kuwa zaman baya. A kwale-kwale babba ke zama a baya, don na baya shi ke juya jirgi, shi ke ganin kowa. Baba bai taɓa buɗe baki ya ce wa ɗansa "na yarda ka girma" ba. Ranar da ya ga yaro ya isa, sai kawai ya taho bakin gaɓa da safe, ya wuce wurinsa, ya je ya zauna a gaba ya juya wa yaron baya. Shi ke nan, an gama magana. Na ga ya yi wa yayyena maza haka ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina jiran tawa ranar, don na fi biyu daga cikinsu iya tuƙi kuma su ma sun sani. Tawa ba ta zo ba. Na ga wani tela mai fararen haƙora a kasuwar Yawuri, na ce shi nake so, shi kuma ya ce Makka za shi. Aka ɗaura mana aure na bi shi da murnata, shi ne mahaifinku.

Sai ga 'yar ruwa a garin duwatsu. A unguwar Nakkasa muka zauna, can saman tudu, inda ruwa ke zuwa a jarka, a auna shi kamar man gyaɗa. Ban yi da-na-sani ba. Wanda ke ganin Ka'aba duk ranar da ya ga dama ba shi da bakin ƙorafi. Amma kewar kogi ba ta taɓa sakina ba, kuma ku na sauke wa ita. Kun sha labarin Kwara har kuna hamma, kuna ba ni amsa da Larabci, "Ɗayyib, Ummi, ɗayyib," ma'ana na ishe ku. Ramlatu auta kaɗai ke zama. Ita ce za ta shige bahon wanki ta ɗauki muciyata tana tuƙi a tsakar gida, ta ce in sake ba ta labarin dorina mai kunne ɗaya. Da bakina na shuka abin, kuma ban san yana tsiro ba.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda rusau ya iso layinmu a Nakkasa. Mahaifinku bai daɗe da rasuwa ba, kun yi aure duk kun watse, maƙwabtan da muka tsufa tare kowa ya kama gabansa. Muka koma ɗakuna biyu na haya a unguwar Utaibiyya, ni da Ramlatu, ba tsakar gida, taga ɗaya tana kallon bangon wani. Ita tana aiki a wani wurin motsa jiki na mata a Rusaifa, can ta koyi iyo a kwatami, har ta zama mai koya wa wasu. Wasu ranakun hutu takan bi ƙawayenta bakin teku, ta dawo fuska ta yi baƙi, tana ƙanshin gishiri. Na ɗauka yawon shan iska ne. Wata rana bayan la'asar ina tsince shinkafa ta zo ta zauna kusa da ni, ta sa hannu a tiren tana taya ni, abin da ba ta saba ba.

"Ummi, an ba ni shugul a Jidda."

"Wane irin aiki na?"

"Fita da mata cikin bahar. A kayak. Ƙaramin jirgi ne, kamar kwale-kwalenku, sai dai na roba. Ni zan riƙa koya musu, ina gaba suna bi na."

"Cikin teku?"

"Aiwa. Amma wallahi ba zan tafi ba sai kin sa mini albarka."

Na ce ba ta tafiya. Aminu da ya ji ya goyi bayana, sai dai dalilinsa daban. Shi abin da mutane za su ce ya dame shi, 'yar Takari, kamar yadda ake kiran irinmu a nan, budurwa ita kaɗai a Jidda tana wasa da ruwa. Ni maganar mutane ba ta taɓa hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne ƙirshi, kamar yadda ake kiran kifin shak a nan. Wata maƙwabciya ta taɓa nuna mini shi a waya, ya taso daga ƙasa baki buɗe, haƙora jere bayan jere, ya kama gefen wani ɗan jirgi yana girgizawa. Tun daga ranar hoton ya zauna mini a ido. Ni da na yi wanka a inda kada ke shan hantsi, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Dorina tana da unguwa, kada yana da gaɓar da ya saba, ka san su sun san ka. Wannan kuwa ba shi da gida, teku duka nasa ne. Ga shi kuma yarinyar ita kaɗai ta rage mini. Wannan ma yana ciki, ba zan ɓoye ba.

Da ta yi mini rashin kunya da na ji daɗi, don na iya faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce to. Ta ci gaba da zuwa aikinta, ta dawo ta dafa, ta wanke, ta shafa mini man zafi a gwiwa, ta raka ni Harami ranar Juma'a. Dariyarta kawai ta ɗauke daga gidan. Masu aikin sun ce za su jira ta zuwa ƙarshen sanyi, in ba ta zo ba su ba wata. Sanyin yana ta ja da baya, ni da ita muna cin abinci a kwano ɗaya ba mai kallon wani. Wata safiya na gan ta tsaye a bakin tagar nan tana kallon bango, sai na tuna kaina a farkon zuwana Nakkasa. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushin ba.

"Ki kai ni in ga ruwan nan naki," na ce mata. "Gani ya kori ji."

Kada ku ɗauka sauka na yi. Niyyata in je in duba da idon 'yar Sarkawa, in nuna mata aibin jirgin da aibin ruwan ɗaya bayan ɗaya, in rufe maganar har abada.

Aminu ya kai mu a motarsa bayan sallar asuba, yana tuƙi yana ƙunƙuni, muka nufi gaɓar teku wajen Shu'aiba. Da rana ta ɗago sai ga Bahar Maliya a gabana, shimfiɗe, ba ɗaya gaɓar. Na sha ganinta daga nesa, amma ban taɓa tsayawa ƙafata a cikinta ba. Ramlatu ta aro jirgi mai wurin zama biyu wajen abokan aikin nata, ja, siriri, mara nauyi, na ce wannan ai ɓawon gyaɗa ne. Ta sa ni na sa wando a ƙarƙashin abaya, ni da tsufana, ta ɗaure ni cikin wata rigar da ke hana nutsewa har numfashina yana fita da ƙyar. Filafilin ma baki biyu gare shi, kamar wanda ya ƙera shi bai yanke shawara ba. Sannan ta nuna mini kujerar gaba.

"Ummi, ke nan, ni baya."

"Mi kika ce? Ni in zauna gaba ɗiyata ta juya ni? Tun ba a haifi ubanki ba nike bayan jirgi."

"Ummi, bahar daban ne."

"Ruwa dai ruwa na. Matsa."

Ta dube ni, ta dubi Aminu da ya riga ya shimfiɗa darduma a inuwar mota, ta ce malesh, wato ba komai, ta shiga gaba.

Abin da ya fara faruwa ban shirya masa ba. Filafili na taɓa ruwa hannuna ya tuna. Kafaɗun da suke yi mini ciwo in na ɗaga tukunya suka saki, ƙugu ya shiga juyawa da kansa, jirgin ya miƙe sambal. Na ji Ramlatu ta yi dariya, irin wadda na yi wata da watanni ban ji ba, ta ce masha Allah, ashe ba cika baki nake yi ba. Daɗi ya kama ni har na manta abin da ya kawo ni. Iska mai sanyi, ruwa kwance, tsuntsaye farare suna shawagi can gaba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, wato hasken ruwan. Kwara jan ruwa ne, ba ka ganin abin da ke ƙasa, sai ka bar wa Allah. Wannan kuwa garau yake kamar gilashi. Ina ganin inuwar jirginmu tana tafiya a kan yashi, ga duwatsun murjani, ga ƙananan kifaye masu launi kamar an yi musu kwalliyar salla. Duk abin da zai zo maka za ka gan shi tun daga nesa, kuma ni ban ga alherin hakan ba.

Muka kai wani wuri inda duwatsun suka yanke. Ruwan da yake kore-kore ya koma shuɗi mai duhu, ƙasa ta ɓace. Na san irin wurin nan. A Kwara nan ne ɗakin mai gida. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ya ɗaga filafili ya ƙwanƙwasa gefen jirgi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, na kuma mari ruwan da faɗinsa kamar yadda aka koya mini.

"Ummi, esh hada? Me kike yi?"

"Sallama nika yi."

"La, la, bari. Don Allah ki bari."

"Ke aka koya ma ko ni? Ba a shiga gidan mutane shiru."

Na ƙara, har da ƙarfi, don ɗiyata na cikin jirgin kuma ni ke baya. Ba a jima ba sai ga wata inuwa ta taso daga cikin shuɗin nan, a hankali, ba gaggawa. Kifi ne, tsawonsa ya kai na mutum. Fiffiken bayansa ya yanko saman ruwa a gefen damanmu, bakin fiffiken baƙi kamar an tsoma a tawada. Na san shi tun kafin a gaya mini. Na ɗaga filafili sama zan ƙara bugawa, don abin da na sani ke nan a duniya.

"Ummi." Muryarta ba ta tashi ba, kuma ba ta juyo ba. "Ɗora filafilin a cinyarki. Hannuwa cikin jirgi. Halas, ya isa, kada ki motsa. A nan bugun nan kiran abinci ne. Ji yake kamar kifi ne ya ji ciwo yana fafutuka, shi ya sa ya zo dubawa. In bai ji komai ba zai tafi."

Na yi shekara fiye da sittin ba wanda ya ce mini in zauna shiru na zauna. Ranar na zauna. Na ɗora filafilin, na danne hannun dama da na hagu don kada ya sake bugu. Kifin ya zagaya mu, ya nutse, ya bi ta ƙarƙashin jirgin, ina ganinsa tsaf ta cikin ruwan nan mai haske, har ƙwayar idonsa. Kifi na ganinka mai jar koma, ashe haka abin yake in an juya. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma na haɗa kan wannan da gindin waccan. Daga nan ba abin da nake kallo sai bayan Ramlatu. Kafaɗunta ba su ɗaga ba, wuyanta a miƙe, kanta kawai ke bin inuwar a hankali duk inda ta juya. Na san wannan zaman. Na girma ina kallonsa a jikin mutum ɗaya.

"Ummi," ta ce, kamar muna tsakar gida, "dorinar nan mai kunne ɗaya, wa ya cire mata kunnen? Na manta."

Ƙarya take yi, ta fi ni sanin labarin. Amma na fara ba ta yadda dorinar ta yi faɗa da wata a shekarar babban ruwa, yadda Baba ke kiranta Hajiya. Kafin in kai inda ta bi jirgin kawuna har gaɓa, inuwar ta yi ƙasa, ta shige shuɗin, ba ta dawo ba. Ramlatu ta ɗan jira, sannan ta sa filafilinta a ruwa a hankali ba fantsama, ta juya jirgin daga gaba, abin da duk matuƙi ya san wahalarsa, ga kuma nauyina a baya ba na taimaka mata da komai. A hanya take gaya mini irin wannan mai baƙin fiffike matsoraci ne, ba ruwansa da mutane, ta sha haɗuwa da shi. Na ce ta riƙe bayaninta, ni na ga haƙora a waya.

Da muka fito Aminu ya taso yana tambaya lafiya, ya ga fuskata. Na ce lafiya lau, a ba ni shayi. Ramlatu ta zauna nesa kaɗan tana wasa da yashi. Ta riga ta yanke ƙauna, na gani a zamanta. Uwar da ta ce a'a tun ba ta ga ƙirshi ba, yanzu da ya shinshina jirginta me za ta ce? Ni kuma ina kurɓar shayi ina ta juya abin. Sallamar Baba gaskiya ce, ta tsare mu a Kwara kakanni da jikoki. Amma na kawo ta gidan da ba a san ta ba, kuma da ita na kira wa ɗiyata abin da nake gudar mata. In na riƙe ta a Utaibiyya, wannan bugun ne dai zan ci gaba da yi, ina ganin tsare ta nake. Na ajiye kofin, na miƙe.

"Tashi mu koma. Ban gaji ba."

Aminu ya ce haba Ummi, rana ta yi. Ban kula shi ba. Na taka zuwa bakin ruwa, na wuce kujerar baya, na je na zauna a gaba, na juya mata baya.

Ban waiwaya ba. Ina jin ruwa yana lasar gefen jirgi, ina jin Aminu yana tambaya me ake jira. Shi bai gane ba, da yake lokacin da nake ba da labarin hamma yake yi. Sai na ji numfashinta a bayana, irin na mai kukan da ba ya so a ji.

"Ummi, da gaske?"

"Shiga ki tuƙa, rana na yi. Allah shi yi miki albarka, shi tsare gabanki da bayanki."

Ta tura jirgin ta hau. Ban taɓa sanin haka gaban jirgi yake ba. Ba ka ganin kowa, ba ka juya komai, ruwa ne kawai a gabanka, ka miƙa wuyanka ga wanda ka haifa. Sai a ranar na san abin da Baba ke haɗiyewa in ya zauna a wurin nan ya yi shiru, ni da nake ganin ƙasaita ce.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ramlatu ta tafi kafin zafi ya shigo. Aminu ya ɗauke ƙafa daga gidana har sai da azumi ya kama kunya ta dawo da shi. Matan unguwa sun yi ta yi da ni, na bar su da bakinsu. Ɗakin nan mai taga ɗaya ya yi mini faɗi, na koyi shafa wa gwiwata magani da kaina, na koyi dafa shinkafar mutum ɗaya, wadda har yau ba ta yi mini daɗi. Takan zo ƙarshen mako, baƙa wuluk, tana dariya, ta kwanta a cinyata kamar ba ita ke jan ayarin mata cikin teku ba.

Kada wani ya ce muku tsoron ya tafi. Yana nan inda yake. Kullum da hantsi na san tana kan ruwa, kuma na san abin da ke ƙarƙashinta, na ga idonsa. Sau da yawa ina zaune da tiren shinkafa sai in ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, in duba in ga cokali ne a hannuna yana bugun gefen tiren. Sai in ajiye shi, in ɗora hannuwana a cinya, in danne na dama da na hagu, in zauna shiru har ta kira ta ce ta fito.